Yadda Za Ka Hango Hadari da Ambaliya a Wayarka Kafin Su Iso

Yau za mu ɗan ajiye maganar saitin waya da sababbin manhajoji, mu duba wani abu da ya shafi rai da dukiya, tunda damina ta kankama.

A watan Agustan bara na duba manhajar yanayi da ta zo da wayata da safe, sai ta nuna mini hoton rana da ɗan gajimare, a gefe an rubuta 30%. Na ce ai yau babu ruwa. Na bar kwamfutata a kan tabarma a tsakar ɗaki na yi ficewata. Wunin ranar an yi wani irin zafi mai sa gumi, ko ganye ba ya motsi. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, kafin magariba ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Bai kai awa guda ba, amma kwatar layinmu ta cika ta tumbatsa, ruwa ya shiga ɗakina har idon sawu. Kwamfutar nan ba ta sake tashi ba.

Da farko manhajar na ɗora wa laifi. Da na zauna na yi bincike sai na gane ni ne ban iya karanta abin da take faɗa ba, kuma akwai bayanan da suka fi wannan lamba amfani, kyauta, a cikin wayar da ke hannuna. Su ne zan koya maka a wannan darasi.

Me 30% ɗin nan take nufi?

Lambar tana nuna yiwuwar a samu ruwa a wurin da kake a cikin lokacin da aka ambata. Wato idan aka samu ranaku 10 masu irin wannan yanayi, ana sa ran a yi ruwa a 3 daga cikinsu. Ba ta cewa komai game da yawan ruwan. Ana iya rubuta 90% a yi yayyafi, ana kuma iya rubuta 30% a yi ruwan da zai rusa katanga.

Sannan manhajojin yanayi suna ɗauko hasashensu ne daga manyan kwamfutoci da ke lissafin yanayin duniya baki ɗaya, irin su ECMWF na Turai da GFS na Amurka. Waɗannan suna yanka taswirar duniya gida-gida kamar daran dara, kowane gida su ba shi amsa ɗaya. A ECMWF faɗin gida ɗaya ya kai kusan kilomita 9, a GFS ya fi haka. Shi kuwa hadari yakan zuba a wata unguwa ya bar ta kusa da ita a bushe. Ƙari a kan haka, tashoshin auna yanayi da na'urorin radar ba su da yawa a Afirka ta Yamma, don haka bayanan da ake ba kwamfutocin game da yankinmu ba su kai na Turai ba. Shi ya sa sukan iya cewa yau akwai yiwuwar hadari a yankin Kano, amma su kasa cewa ƙarfe nawa kuma a wace unguwa.

Saboda haka dole ka taya wayar aiki. Abu uku za ka riƙa dubawa: laimar da ke cikin iska da safe, hoton tauraron ɗan'adam da rana, sai yawan ruwan da ake sa ran zai zuba.

Yadda hadari ke haɗuwa

Kafin mu buɗe manhaja, ya kamata ka san abin da kake nema. A lokacin damina iska mai laima tana tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, ta turo busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa. Idan rana ta gasa ƙasa, iskar da ke kusa da ƙasa takan yi zafi ta tashi sama ɗauke da laimarta. Tana hawa tana hucewa, har tururin da ke cikinta ya koma ɗigon ruwa, ya zama gajimare. Wannan sauyi kuma yana sakin zafi, zafin ya ƙara cilla iskar sama. Haka gajimaren zai yi ta girma har kansa ya kai kilomita 15 ko fiye a sararin sama.

Dalilin da ya sa zafi mai gumi yake da alaƙa da ruwa mai ƙarfi shi ne, duk ƙarin digiri 1 na zafi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100. Gumin da ya ƙi bushewa a jikinka alama ce iska ta riga ta ƙoshi da laima.

Iyayenmu sun daɗe da sanin cewa gabas ake duba wa hadari, kuma kimiyya ta gaskata su. A tsayin kusan kilomita 3 zuwa 4 akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma a lokacin damina. Ita ce ke jera gajimaren hadari a sahu mai tsawon ɗaruruwan kilomita, ta koro shi yamma da gudun da yakan kai kilomita 50 zuwa 60 a awa. Da yawa daga cikin irin wannan hadari a kan tuddai ake haifarsu, kamar tsaunukan Jos, da duwatsun Mandara da ke kan iyakar Najeriya da Kamaru, da duwatsun Azbin a Nijar. Mafi yawan ruwan da yankin Sahel ke samu a shekara daga irin waɗannan manyan hadurra yake zuwa. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa mafi tsananinsu sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982.

Abin da zai amfane ka a nan shi ne: hadarin da zai same ka da magariba, sau da yawa ya riga ya haɗu a wani gari da ke gabas da kai tun da azahar. Ana kuma iya ganinsa a waya.

Mataki na 1: Duba laima da safe

Sauke manhajar Windy.com daga Play Store ko App Store, ko ka buɗe ta a burauza. Alamarta ja ce. Ka kula, akwai wata mai kama da sunanta. Idan ka buɗe, rubuta sunan garinku a wurin bincike, sannan ka danna jerin shimfiɗun taswira da ke gefe.

Abu na farko da za ka zaɓa shi ne wanda aka rubuta Dew point. Mu kira shi ma'aunin raɓa. Shi ne matakin sanyin da iska za ta kai kafin laimarta ta fara zama raɓa. Ya fi kason laima da ake nunawa da alamar % amfani, domin wancan yana hawa da sauka tare da zafin rana ko da laimar ba ta canza ba. A lokacin hunturu ma'aunin raɓa a arewa yakan faɗi ƙasa da digiri 5. Masana yanayi sukan ɗauki wajen digiri 14 zuwa 15 a matsayin iyaka tsakanin iskar Sahara da iskar damina. Idan ka ga 20 zuwa sama, iska ta cika da ruwa. Idan ya kai 22 ko 23 kuma rana ta buɗe da zafi, ka sa ido.

Abu na biyu shi ne CAPE. Wannan lamba ce da ke auna ƙarfin da iska ke da shi na tashi sama idan ta samu abin da ya tunkuɗa ta. Ƙasa da 1000 ƙarfin kaɗan ne. Daga 1000 zuwa 2500 akwai isasshen ƙarfin haɗa hadari. Sama da 2500 kuwa, idan hadarin ya haɗu zai iya zuwa da iska da tsawa mai tsanani. Ka ja layin lokaci da ke ƙasan fuskar wayar zuwa ƙarfe 3 ko 4 na yamma, domin a lokacin ne lambar ke kai ƙololuwa.

Amma fa ka lura: CAPE kamar fetur ne a cikin jarka. Idan babu ashana ba zai kama ba. Akwai ranakun da lambar za ta haura 3000 a wuni a kwana ko ɗigo bai sauka ba. Matakin farko yana gaya maka ne kawai ko yau ranar sa ido ce ko a'a.

Mataki na 2: Kalli gabas ta tauraron ɗan'adam

Wannan shi ne zuciyar darasin, domin a nan ka bar hasashe ka koma kallon abin da ke faruwa. Taurarin Meteosat na hukumar EUMETSAT ta Turai suna tsaye a saman Afirka, suna aiko sabon hoto duk minti 10 zuwa 15. Za ka same shi a Windy idan ka zaɓi Satellite, ko a manhajar Zoom Earth.

Zaɓi hoton infrared, wanda ke auna sanyin kan gajimare. Yana aiki dare da rana. Iyakar tsawon gajimare iyakar sanyin kansa, kuma na babban hadari yakan yi sanyi ƙasa da digiri 70 a ƙarƙashin sifili. Manhajar takan shafa wa irin wannan wuri launi mai ƙarfi, kamar ja, ko fari tas. Ka duba ma'aunin launukan da ke gefe don ka san wanne ne mafi sanyi.

Daga ƙarfe 1 na rana, buɗe taswirar ka matsar da ita yadda za ka ga kilomita 300 a gabas da garinku. Danna alamar kunnawa don hotunan awa biyun da suka wuce su motsa. Ka tambayi kanka: akwai dunƙulen gajimare mai launi? Yana girma ko yana watsewa? Ina ya dosa?

Ga misali ga wanda ke Kano. Daga Azare zuwa Kano a miƙe kusan kilomita 180 ne, daga Dutse kuma kusan 90. Idan ka ga dunƙule a kan Azare da ƙarfe 2 yana girma yana yin yamma, raba 180 da 50, za ka samu awa uku da rabi. Ke nan yana iya isowa wajen ƙarfe 5 da rabi. Idan ka sake dubawa ka ga ya kai Dutse, saura ƙasa da awa biyu. Mutumin Maraɗi sai ya sa ido a kan Damagaram, na Katsina ya duba Daura, na Sakkwato ya duba wajen Gusau da Ƙauran Namoda.

Lissafin ba ya cika daidai kullum. Hadari yana iya mutuwa a hanya, yana iya karkata kudu, wani kuma a kan garinku zai haɗu cikin ƙasa da awa guda ba tare da ya taso daga ko'ina ba. Shi ya sa a ranar da mataki na 1 ya nuna haɗari ya kamata ka leƙa duk bayan awa guda, kuma ka sake leƙawa kafin ka kwanta, domin manyan hadurra da yawa cikin dare suke isowa. Idan shafin da kake amfani da shi yana nuna lokaci da UTC, ƙara awa 1 ka samu agogon Najeriya da Nijar.

Kada kuma waya ta hana ka ɗaga kai. Gajimare mai tsawo da kansa ya baje kamar maƙera, da iska mai sanyi da ƙura da ke tasowa farat ɗaya daga gabas, alama ce ruwa na bayanta da 'yan mintuna.

Mataki na 3: Koyi karanta milimita

Ambaliya ba ta ruwan 30% ko 90%, ruwanta da yawan abin da ya zuba da kuma saurin zubarsa. A manhaja za ka ga ana rubuta mm, wato milimita. Milimita 1 daidai take da lita 1 ta ruwa a kan kowane murabba'in mita.

Bari mu kawo shi gida. Fili mai ƙafa 50 da 100 ya kai kusan murabba'in mita 450. Idan aka yi ruwan milimita 50, lita 22,500 ke nan ta sauka a kan gida ɗaya, wato jarka 900 ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Yanzu ka lissafa gidajen layinku, ka tuna duk kwata ɗaya suke turawa. Idan wannan ruwa ya rabu a kan wuni guda, ƙasa za ta sha wani, kwata ta kwashe saura. Idan a minti 40 ya zuba, babu inda zai bi sai titi da ɗakuna.

A Windy zaɓi Rain accumulation ka ga jimillar da ake hasashe. Ka canza daga ECMWF zuwa GFS da ICON ka kwatanta. Idan duka ukun sun nuna ruwa mai yawa a yankinku, ka ɗauki maganar da muhimmanci. Idan sun nuna milimita 10 kacal amma tauraro ya nuna babban dunƙule na tahowa, ka gaskata tauraron, domin kwamfutocin sukan baje ruwan hadari a kan faffaɗan wuri sai lambar ta yi ƙasa.

Ka kuma tuna da ruwan jiya da shekaranjiya. A lokacin marka, musamman a Agusta, ƙasa ta riga ta ƙoshi, kududdufai sun cika. Ruwan da bai yi komai ba a watan Yuni zai iya cinye gida a ƙarshen Agusta. Ginin ƙasa da ya kwana uku yana shan ruwa ba ya buƙatar ambaliya kafin ya zauna. A farkon Satumban 2024 haka tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe bayan mamakon ruwa.

Ambaliya iri biyu ce

Akwai ambaliyar kogi, wadda ke tasowa a hankali cikin kwanaki idan kogi ya cika ko an saki ruwan madatsa. Irinta ce ta 2022 da ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya. Ga wanda ke zaune kusa da kogin Hadeja, ko Binuwai, ko Kwara, shafin Flood Hub na Google yana nuna hasashen hawan kogi har zuwa kwana 7, kyauta. Hukumar NIHSA ma tana fitar da hasashen ambaliya na shekara da ke lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari.

Sai ambaliyar farat ɗaya, wadda ke zuwa cikin 'yan awanni bayan ruwa, wani lokaci cikin mintuna. Ita ce ta fi kisa domin ba ta sallama. A safiyar 29 ga Mayu 2025, bayan ruwan da aka kwana ana yi, ruwa ya afka wa unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a garin Mokwa na jihar Neja, ya kashe fiye da mutum 150, da yawa a cikin gidajensu. Irin wannan ba lallai ruwan ya zuba a kanka ba. Idan gidanku na cikin kwari ko bakin busasshen rafi, ruwan da ya sauka a kan tudu mai nisa ta wurinku zai bi.

Wannan bayani babu manhajar da ta san shi kamar dattawan unguwa. Tambaye su ina ruwa ya taɓa kaiwa, wace hanya ce ke fara yankewa, wane wuri ne mafi tudu. Sai ka sa wa wuraren alama a Google Maps, ka kuma sauke taswirar garinku yadda za ta buɗu ko babu data.

Idan hadari ya iso

Tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, fara ƙirga daƙiƙa. Sauti yana cin kilomita 1 a cikin kusan daƙiƙa 3. Idan ƙirgarka ba ta kai 30 ba, tsawar na cikin kilomita 10 daga inda kake, sai ka shiga gini ko mota mai rufi. Bar filin ƙwallo, bar gona, kada ka fake a gindin bishiya. Ka jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin ka fito.

Maganar da ake yi cewa waya na jawo tsawa ba gaskiya ba ce. Haɗarin yana cikin wayar wuta da ke haɗe da bango. Cire caja, cire talabijin da dikoda da kwamfuta daga soket tun kafin ruwa ya fara. Idan ruwa ya fara shigowa gida, kashe babban makunnin wuta muddin inda yake a bushe yake.

Kada ka shiga ruwa mai gudu. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 kuma yana iya tafiya da ƙaramar mota. Balle babur ko Keke Napep. Ga shi a garuruwanmu kwatoci da yawa a buɗe suke, idan ruwa ya rufe su ba ka bambance titi da rami. Bidiyon da za ka ɗauka don TikTok bai kai ranka ba. Lambar kiran gaggawa a Najeriya ita ce 112.

Shirin da za ka yi tun yau

Ɗauki hoton takardunka masu muhimmanci, na makaranta da na fili da katin shaida, ka ɗora su a Google Drive, asalin kuma ka ƙulle su a leda ka sa a saman sif. Duk ranar da ka ga alamun mataki na 1, cika waya da fawa banki da wuri, tunda wuta ce ke fara ɗaukewa. Ka bi shafukan hukumar NiMet na gaskiya, tana fitar da hasashen kwana uku a kai a kai. Saƙon da aka turo maka a WhatsApp cewa za a yi ambaliya gobe, duba kwanan watansa da inda ya fito kafin ka tura wa wani.

Ga masu koyon rubuta manhaja, akwai Open-Meteo, wanda ke ba da waɗannan bayanai kyauta ga mai amfanin kansa, ba tare da rajista ba. Gwada buɗe wannan a burauza, na Kano ne:

api.open-meteo.com/v1/forecast?latitude=12.0&longitude=8.52&hourly=cape,dew_point_2m,precipitation&timezone=Africa/Lagos

Zai dawo maka da lambobin kowace awa a tsarin JSON. Ni da shi na haɗa ɗan ƙaramin shiri da Python da ke aiko mini saƙo a Telegram ƙarfe 7 na safe idan ma'aunin raɓa ya haura 21 kuma CAPE na yamma ya wuce 2000. Waɗannan iyakoki ni na zaɓe su don kaina, kai ma sai ka gwada ka daidaita da garinku. Saƙon ba ya cewa za a yi ruwa, tuna mini kawai yake yi in leƙa tauraro da rana.

Aikin gida

Na mako guda, kowace safiya ka rubuta ma'aunin raɓa da CAPE na garinku. Da ƙarfe 2 da ƙarfe 5 ka duba gabas ta tauraro, ka rubuta hasashenka: za a yi ruwa ko a'a, kuma ƙarfe nawa. Da dare ka rubuta abin da ya faru. Za ka yi kuskure a kwanakin farko, ni ma na yi. Amma kafin mako ya ƙare idonka zai fara gane dunƙulen da ke tafe da wanda zai watse.

Idan kuma ka hango babba na tahowa, kada ka tsaya a kanka. Kira gida a kwashe shanya a ɗaga kaya daga ƙasa, a dawo da yara daga makarantar allo da wuri, ka sanar da maƙwabcin da ɗakinsa ke bakin kwata. Mafi yawan waɗanda ruwa ya fi yi wa ɓarna ba su da wayar da za ta buɗe Windy, kai ne kake da ita.

A darasi na gaba, in Allah ya kai mu, za mu bi shirin Telegram ɗin nan layi bayan layi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrin ruwa da iska.